Leonardo da Vinci: Wane Littafi Za Mu Miƙa wa Yaro?

Sharhinmu na yau a kan littattafai ne, waɗanda ake ta rubutawa game da mutum ɗaya, Leonardo da Vinci, mai zane kuma injiniya ɗan ƙasar Italiya, wanda aka haifa ranar 15 ga Afrilu, 1452, a kusa da garin Vinci, ya mutu a Faransa ranar 2 ga Mayu, 1519. Ko wanda bai san sunansa ba, da wuya a ce bai taɓa ganin hoton matar nan mai guntun murmushi ba, wato Mona Lisa. Yau fiye da shekara ɗari biyar ke nan da mutuwarsa, amma maɗaba'u ba su huta da shi ba. Akwai na yara masu manyan hotuna da ɗan rubutu kaɗan, akwai na manya masu kauri da sai an ajiye a tebur ake karantawa, akwai na ƙagaggun labarai, akwai ma masu alkawarin koya maka yin tunani irin nasa. Abin da nake so mu duba shi ne wane ne a cikinsu ya cancanci kuɗin uba da lokacin ɗa. Matsayina shi ne, littafin da ya nuna yadda Leonardo ya koya, ya tambaya, ya kwaikwaya, ya yi kuskure, har ya bar aiki rabi, ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan wanda ya mai da shi wani ɗan baiwa da ya faɗo daga sama da ilimi a aljihu.

Wannan ɗabi'a ta kambama shi ba yau ta fara ba. Tushenta littafin Giorgio Vasari ne kan rayuwar masu zane na Italiya, wanda ya fito a 1550, aka sake buga shi da ƙari a 1568. Vasari yaro ne ɗan shekara bakwai zuwa takwas lokacin da Leonardo ya mutu, bai taɓa zama da shi ba, abin da ya ji a bakin mutane ya tattara, ya ƙara masa gishiri. Shi ne ya ba da labarin cewa maigidan Leonardo, Andrea del Verrocchio, da ya ga mala'ikan da yaron ya zana a wani aikin da suka yi tare, sai ya ajiye buroshi bai ƙara fenti ba. Shi ne kuma ya ce Leonardo ya cika ne a hannun Sarkin Faransa, Francis na Ɗaya, alhali akwai takardar fada da aka fitar da sunan sarkin a wani gari mai nisa a daidai waɗannan kwanaki, abin da ya sa masana da yawa ke shakkar labarin. Vasari gwanin ba da labari ne, kuma ba don shi ba da abubuwa da dama sun ɓace mana. Amma littafin yara da zai kwashe labaransa ya zuba su a matsayin tabbataccen tarihi, ya koya wa yaro tun da wuri cewa daɗin labari ya isa hujja.

Inda abin ya fi ƙamari shi ne batun ƙirƙire-ƙirƙire. Sau da yawa za ku ji an ce Leonardo ne ya ƙirƙiro jirgi mai saukar ungulu, da tankar yaƙi, da laimar dirowa daga sama, har da keke. Mu ɗauke su a hankali. Abin da ake kira jirgin nasa zane ne na wani murɗaɗɗen yadi da aka kafe a sanda, wanda mutane za su riƙa juyawa da ƙarfin hannu, kuma ƙarfin mutum ba zai taɓa ɗaga shi daga ƙasa ba. Tankar kuwa, in aka haɗa haƙoran ƙarafunta yadda ya zana su, ƙafafun gaba da na baya za su riƙa juyawa ne suna ja da juna. Laimar ta fi su sa'a: a shekarar 2000 wani Baturen Ingila, Adrian Nicholas, ya ƙera ta da itace da yadi, ya sauko da ita daga sama a Afirka ta Kudu, ta kuwa riƙe shi, sai dai ya yanke ta kafin ya iso ƙasa ya buɗe ta zamani, don nauyinta zai iya danne shi wajen dira. Batun keke shi ne abin kunyar. An bayyana zanen ne a 1974, bayan an gyara babban kundinsa da ake kira Codex Atlanticus, a bayan wani shafi da ya daɗe a manne. Wani masani, Carlo Pedretti, ya haska wannan shafi tun 1961, bai ga keke ba, sai da'irori biyu. A 1997 masanin tarihin fasaha Hans-Erhard Lessing ya kawo hujjojin cewa wani ne ya ƙara zanen a zamaninmu, kuma yawancin masana a yau ba su ɗauke shi aikin Leonardo ba. Duk da haka keken na nan yana yawo a shafukan wasu littattafai.

Sannan akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda littattafan kambamawa ba sa son faɗa: ko da zanen ya yi daidai, duniya ba daga wurinsa ta koya ba, domin bai buga bincikensa ba. Ya bar kundayensa ga ɗalibinsa Francesco Melzi, wanda ya adana su har ya mutu wajen 1570. Daga nan magada suka yi sakaci, takardun suka warwatsu, wani mai sassaƙa, Pompeo Leoni, ya tara da yawa ya yanyanka su ya sake manna su yadda ya ga dama. Littafinsa kan zane bai fito a ɗab'i ba sai 1651 a birnin Paris. Tarin rubutunsa mai yawa bai isa hannun jama'a ba sai da Jean Paul Richter ya fitar da shi a 1883, kuma kundaye biyu sun yi ta kwanciya a ɗakin karatu na ƙasa a Madrid ba a san inda suke ba har shekarun 1960. A wannan tsakani wasu sun sake gano abubuwan da ya gano. Andreas Vesalius ne ya buga littafin da ya sauya ilimin sassan jikin mutum a 1543. Ƙa'idojin gogayya tsakanin abubuwa biyu, waɗanda Leonardo ya rubuta tun 1493, da sunan Bafaranshe Guillaume Amontons aka san su, don shi ya bayyana su a 1699.

Na san wani zai ce, to malam, kai ka zo rage wa mutum daraja ne? Ko kusa. Gaskiyar aikinsa ta fi tatsuniyar ban mamaki. Ku dubi abin da ya yi da zuciya. A wajen 1508, a asibitin Santa Maria Nuova da ke Florence, ya zauna da wani tsoho da ya ce masa ya haura shekara ɗari kuma ba ya jin ciwon komai sai rashin ƙarfi. Da tsohon ya cika, Leonardo ya feɗe gawar don ya ga sanadin mutuwa mai sauƙi haka, ya tarar jijiyoyin jininsa sun yi kauri sun ƙuntata, ya kwatanta su da na ƙaramin yaro, ya rubuta. Bayan 'yan shekaru ya koma kan 'yar ƙofar da ke bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Yana so ya san yadda take rufewa, ga shi ba a iya leƙa cikin mai rai. Sai ya rubuta dabara: a zuba narkakken kakin zuma a zuciyar bijimi don a sami siffar wurin, a yi kwatankwacinsa da gilashi, a tura ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin ciyawa, a zuba ido a ga yadda ƙwayoyin ke juyawa. Ya kammala da cewa jinin yana yin 'yar guguwa a bayan ƙofar, ita ce ke taimakawa wajen tura ta ta rufe. Sai a ƙarshen shekarun 1960 wani injiniya a Oxford, Brian Bellhouse, ya tabbatar da hakan da gwaji. Yaron da ya karanta wannan ya samu hanyar da zai bi in tambaya ta tsaya masa. Wanda aka ce wa kawai Leonardo ya ƙirƙiro jirgi, bai samu komai ba sai baki buɗe.

Haka batun iliminsa. An haife shi ba ta hanyar aure ba, mahaifinsa Ser Piero marubucin takardun yarjejeniya ne, kuma Leonardo bai shiga jami'a ba, bai tashi da Latin ba, harshen ilimi na Turai a lokacin. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ko kusa da haka aka kai shi shagon Verrocchio, ya zama yaron shago, yana niƙa launi, yana koyon narka ƙarfe da sassaƙa. Yana nan a 1471 lokacin da shagon ya ɗora ƙatuwar ƙwallon tagulla a ƙololuwar babban cocin Florence, ya ga na'urorin ɗaga kaya da Filippo Brunelleschi ya ƙera tun kafin a haife shi, ya zana su a kundinsa. Injiniyoyin Siena, Mariano Taccola da Francesco di Giorgio, sun riga shi zana injuna iri-iri, kuma kwafin littafin Francesco di Giorgio mai ɗauke da rubutun hannun Leonardo a gefen shafi yana nan har yau. Ya kusa shekara arba'in ya zauna yana haddar kalmomin Latin. Lissafi ya koya a wurin Luca Pacioli, ya saka masa da zana siffofin littafinsa da aka buga a 1509. A wani kundin ya jera sunayen littattafai 116 da ya mallaka. Ilimin haske da gani da ya gina a kai kuwa, ya biyo ne ta hannun malaman Turai da suka ɗebo daga Ibn al-Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir tun ƙarni na 11. A nan sai in ja kunnenmu mu ma. Gaskiya ne Al-Jazari ya rubuta littafin na'urori masu ban mamaki a 1206, amma cewa Leonardo ya kwafa daga gare shi kai tsaye magana ce da ba ta da hujja a rubuce. Wanda ya ƙi ƙarin gishirin Vasari bai kamata ya kawo nasa ba.

A ɓangaren littattafan manya, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne na Walter Isaacson na 2017. Ƙarfinsa shi ne ya ɗauki kundayen a matsayin ginshiƙi, shafuka sama da dubu bakwai da suka tsira, waɗanda Leonardo, da yake bahago ne, ya rubuta daga dama zuwa hagu kamar yadda muke rubuta ajami, sai dai haruffan a juye suke, an fi karanta su ta madubi. A cikinsu akwai jerin abubuwan da yake tuna wa kansa ya yi: ya auna birnin Milan, ya tambayi wani ɗan kasuwa yadda mutanen Flanders ke tafiya a kan ƙanƙara, ya binciki harshen tsuntsun nan mai ƙwaƙular itace da baki. Raunin littafin, a ganina, shi ne ya ƙare da jerin darussan rayuwa, irin wanda Michael Gelb ya gina littafi sukutum a kai a 1998, inda ya taƙaita mutumin cikin ƙa'idoji bakwai. Mai son zurfi ya nemi Martin Kemp, wanda littafinsa na 1981 ya nuna yadda zanen Leonardo da kimiyyarsa suke abu guda, ko Charles Nicholl na 2004, mai bin takardun tarihi ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa The Da Vinci Code na Dan Brown, da ya fito a 2003 ya sayar da miliyoyin kwafi, ƙagaggen labari ne, a karanta shi a haka in ana so, kada a kafa hujja da shi.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko, wato na rage masa daraja, nauyi. Malamin firamare zai ce, yaro gwarzo yake buƙata, in ka cika masa kunne da gazawa ka kashe masa gwiwa. Amsata ita ce marubutan yara masu kyau sun riga sun nuna ana iya faɗar gaskiya labari ya yi daɗi. Jean Fritz ta rubuta littafi a 2001 kacokan a kan aikin da bai yiwu ba. Mai mulkin Milan, Ludovico Sforza, ya sa Leonardo ya yi ƙaton dokin tagulla mai tsayin fiye da mita bakwai don tunawa da mahaifinsa. Leonardo ya yi shekaru yana auna dawakai, ya gina siffar da yumɓu, aka nuna ta a 1493, jama'a suka yaba. A 1494 yaƙi ya taso, aka kwashe tagullar aka yi igwa da ita. A 1499 sojojin Faransa suka ci Milan, maharbansu suka mai da dokin yumɓun abin gwada saiti. Sai bayan shekara ɗari biyar, a 1999, aka kafa dokin tagulla a Milan, da ƙoƙarin wani matuƙin jirgi Ba'amurke, Charles Dent, wanda shi ma ya mutu bai gani ba, mai sassaƙa Nina Akamu ta ƙarasa. Wane yaro ne zai yi barci a kan wannan labari? Littafin Diane Stanley na 1996 shi ma bai ɓoye ayyukan da suka lalace ba. Na Gene Barretta na 2009 yana ajiye zanen Leonardo gefe da na'urar zamani, dabara ce mai kyau, amma tana buƙatar babba a kusa ya bayyana cewa kama da juna ba ya nufin wannan ne ya haifi wancan. Yaron da aka nuna wa gwarzo marar kuskure, ranar da ya faɗi jarrabawar lissafi zai ce shi ba a halicce shi don wannan ba.

Sai dai kada mu wuce gona da iri mu mai da barin aiki rabi abin ado, kamar yadda wasu littattafan manya ke yi, suna cewa jinkirinsa wani salon hikima ne. Aibi ne, kuma mutane sun cutu. A 1481 wasu masu ibada a wajen Florence suka ba shi aikin zane, ya fara ya tafi Milan ya bar shi, sai da suka nemi Filippino Lippi ya yi musu wani, aka gama a 1496. Wani zanen da aka ba shi a 1483 ya jawo taƙaddama kan kuɗi ta kusan shekara ashirin da biyar. Shahararren zanen Jibin Ƙarshe da ya gama wajen 1498, ya ƙi bin hanyar da aka saba ta yin fenti a kan ɗanyen shafe, ya yi a busasshen bango don ya samu damar gyara a hankali, tun yana raye fentin ya fara ɓamɓarowa, gyaran ƙarshe ya ci daga 1978 zuwa 1999. Zanukan fenti da aka yarda nasa ne ba su kai ashirin ba. Kuma mutumin da ake cewa yana sayen tsuntsaye a kasuwa ya sake su, shi ne ya rubuta wa Sforza takardar neman aiki yana lissafa makaman da zai iya ƙerawa, zane ya ambata a can ƙarshe, shi ne kuma ya yi wa Cesare Borgia, azzalumin sarkin yaƙi, aikin injiniya a 1502. Littafin kirki zai faɗi duk wannan ba tare da neman masa uzuri ba.

Ƙorafi na ƙarshe namu ne na gida. Uba zai ce, ina ruwan ɗana da Bature mai zana mutane, wasu ma tsirara, wasu hotunan coci? Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba a yi mata dariya. Littattafan manya suna ɗauke da zanen jikin mutum ba sutura, suna kuma tattauna rayuwarsa ta sirri, har da ƙarar ɗabi'a da aka kai shi a Florence a 1476 wadda aka kora. Saboda haka uba ko uwa su fara dubawa kafin su miƙa, na manya ba na yara ba ne. Amma mafi yawan kundayen ba hoton mutane ba ne: ruwa ne da yadda yake cin gaɓar kogi, shirwa ce da yadda take karkata jela in za ta juya, ƙafafun injin ne, inuwa ce, lissafin siffofi ne. Ko Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Bayazid na Biyu, Leonardo ya aika masa da shawarar gina gada mai tsawon mita 240 a Istanbul, an gano fassarar wasiƙar a taskar fadar Topkapi a 1952. Ba a gina ta ba, amma a 2001 an yi ƙaramar irinta a ƙasar Norway, mutane na tsallakawa a kai. Kuɗin da ake ambata kuwa, dala miliyan 30.8 da Bill Gates ya biya a 1994 kan kundi ɗaya mai shafi 72, ko dala miliyan 450 da aka sayi zanen Salvator Mundi a gwanjon 2017 alhali masana na jayayya ko duka aikin hannunsa ne, labarin masu kuɗi ne, ba ya koya wa yaro komai. Shafukan Codex Atlanticus suna intanet tun 2019, mai waya zai iya gani kyauta.

Kirana ga marubutanmu da malamanmu shi ne, waɗannan littattafan zamani da na ambata da Turanci suke, kuma Hausa ta taɓa ɗaukar irin wannan kaya: Abubakar Imam da Rupert East sun rubuta Ikon Allah suna bayanin halittu da harshen da yaro zai gane. Wanda zai rubuta mana labarin Leonardo, ya fara da shagon Verrocchio, ya sa zuciyar bijimi da ƙwayoyin ciyawa, ya sa dokin da aka harbe. Ku kuma iyaye, in kun shiga kantin littattafai, ku buɗe shafin injin tashi sama ku ga ko an faɗa cewa bai tashi ba, ku duba ko an ambaci waɗanda ya koya a wurinsu. In kun ga keke an ce nasa ne, ku mayar da littafin kan kanta ku nemi wani.